Ƙafa ɗaya a majalisa, ɗaya a gidan gwamnati: wa ke riƙe da kujerarmu kafin ranar rantsuwa?

A hutun da ya wuce ne kawuna ya ƙure ni a teburin mai shayi, a unguwarmu da ke Ungogo. Tun da na shiga sashen koyon aikin jarida suka laƙaba mini "ɗan jarida", duk da ko aji uku ban gama ba, kuma duk wata gardama da ta gagara sai a jefo mini ita. Ranar ana ta hirar siyasa, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai ɗan jarida, in sanata ya ci zaɓen shugaban ƙasa, daga ranar da aka faɗi sakamako zuwa ranar rantsuwa, shi mene ne? Sanata ko shugaban ƙasa?"

Na ce masa ai shugaban ƙasa ne mai jiran gado. Ya ce, "To albashin wanne yake ci? Kuma mutanen da suka tura shi majalisa, wa ke yi musu magana a wannan tsakanin?" Nan na yi shiru, aka yi mini dariya. Da na koma makaranta na zauna na bi maganar, sai na ga tambayar kawu ta fi yadda na ɗauke ta nauyi.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa dalilan da ke raba ɗan Majalisar Tarayya da kujerarsa, kuma a ciki akwai idan ya zama shugaban ƙasa, ko mataimakinsa, ko gwamna, ko mataimakin gwamna, ko minista. Abin lura shi ne kalmar "ya zama". Cin zaɓe ba zama ba ne. Karɓar takardar shaida daga hukumar zaɓe ta INEC ma ba zama ba ne. Sai ranar da ya ɗora hannu ya yi rantsuwa. Kafin wannan ranar shi cikakken ɗan majalisa ne: yana da damar shiga zauren, ya kawo ƙudiri, ya yi muhawara, ya kaɗa ƙuri'a, ya karɓi albashi da alawus. Rigar kariyar nan ta sashe na 308 ma ba ta hau kansa ba tukuna, domin ta mai riƙe da ofis ce, ba ta mai jira ba.

Kuma tun farko ba a tilasta masa ajiye kujerar kafin ya tsaya takara. Ma'aikacin gwamnati, a ce malamin makaranta ko nas, dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa masu muƙaman naɗi sauka kafin zaɓen fitar da gwani, shi ya sa muka ga ministoci irin su Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio sun ajiye aiki a watan Mayun 2022. Amma ɗan majalisa? Yana kan kujerarsa zai yi yawon kamfen ya dawo. Mu ’yan Kano ta Tsakiya mun gani da idonmu: Rabi'u Musa Kwankwaso yana sanatanmu ya je Fatakwal a watan Oktoban 2018 ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a PDP. Da ya samu, ya kuma ci babban zaɓe, da tambayar kawu a kanmu za ta faɗa, domin Ungogo tana cikin ƙananan hukumomi 15 na wannan mazaɓa. Kada mu manta, ’yan majalisa ne ke rubuta dokar zaɓe. Kowa ya san wanzami ba ya son jarfa.

A tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka fara a 1979, ba a taɓa samun ɗan majalisa mai ci ya haye kujerar shugaban Najeriya kai tsaye ba. 'Yar'adua gwamna ne lokacin da ya ci, Tinubu kuma zamansa sanata tun 1992 zuwa 1993 ne. Abin da ya fi kusa shi ne na Kashim Shettima, wanda yana sanatan Borno ta Tsakiya aka zaɓe shi mataimakin shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023. Rantsuwa sai 29 ga Mayu. Ka ƙirga: kwana 93. A shekarar ma Uba Sani yana sanatan Kaduna ta Tsakiya ya ci gwamna, haka Umaru Bago yana ɗan Majalisar Wakilai daga Chanchaga ya ci gwamnan Neja, su kuma tsakanin zaɓen 18 ga Maris da rantsuwa kwana 72 ne.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai majalisar da ta kusa tafiya ba ta wani aiki, sallama kawai ake yi. Ni ma haka na zata. Ashe a irin wannan lokaci ne ake yanke manyan hukunce-hukunce, lokacin da hankalin jama'a ya tafi wani wuri. Ku tuna yadda muke a watannin nan na 2023: wahalar takardun kuɗi ta gama jigata mutane, azumi ya shigo cikin zafin bazara, a gidajenmu na karkara ana ta sharar gona da kai taki kafin ruwa ya sauka, a gari kuma hira ba ta wuce wa zai zama minista, wa zai zama kwamishina. A cikin wannan yanayi, ranar 3 ga Mayu, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ciwo daga Babban Bankin Najeriya ya zama bashi na dogon zango, wanda za a biya cikin shekara 40. Wannan buƙata ce da a watan Disamban 2022 ta jawo hayaniya a zauren har aka jingine ta, saboda dokar bankin ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, shi kuwa ya ninninka hakan. Shekara 40 fa. Wanda yake da shekara 20 a ranar, sai ya kai 60 ana biya.

To ka ga inda matsalar take. Gwamnati mai shigowa ita ce za ta gaji wannan bashi, kuma ita ce ta fi kowa son a daidaita shi kafin ta zo, don kada ta fara mulki da rigima. A doka kuwa, mutumin da zai zama na biyu a wannan gwamnati yana da kujera a zauren da ke yanke hukuncin, sai dai in shi ya ga dama ya ajiye. In ya zauna ya goyi baya, da wace hula ya yi, ta wakilin mutanen mazaɓarsa ko ta mai jiran mulki? In ya ƙaurace, wa ya yi magana da yawun mazaɓarsa a kan bashin da jikokinsu za su biya? Ba ina zargin kowa da wani laifi ba ne, doka ce ta bar ƙofar a buɗe. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda majalisarmu ke yanke yawancin hukunci da murya: shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, marasa goyon baya su amsa, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan wane ya ce e, wane ya ce a'a. Ko kana so ka bi sawun wakilinka, ba ka da takardar da za ka duba.

Akwai aiki na biyu da mai ƙafa biyu ke yi, wanda a ganina ya fi na farko tasiri, wato shirya majalisar da za ta zo ta sa masa ido. Ranar 8 ga Mayun 2023 jam'iyyar APC ta bayyana waɗanda take so su shugabanci majalisa ta 10: Akpabio da Barau Jibrin a Majalisar Dattawa, Tajudeen Abbas na Zariya da Benjamin Kalu a ta Wakilai. Shettima ya fito fili yana lallashin zaɓaɓɓun ’yan majalisa su bi zaɓin jam'iyya. Ranar 13 ga Yuni Akpabio ya doke Abdul'aziz Yari da ƙuri'a 63 da 46. Babu wanda ya fi ɗan gida sanin ƙofofin gida. Wanda ya yi shekara huɗu a zauren ya san wa ke jin maganar wa, wa ke da buƙatar kwamiti, wa ke fushi. Masu goyon baya za su ce wannan alheri ne, domin mun ga yadda rashin jituwa tsakanin fadar Buhari da majalisar Bukola Saraki ya riƙa jan kasafin kuɗi har tsakiyar shekara. Gaskiya ne. Amma a aji an koya mana cewa majalisa ita ce birkin ɓangaren zartarwa, kuma ni dai ban ga hikimar a bar direba shi kaɗai ya zaɓi ƙarfin birkin motarsa ba.

A nan Arewa misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Aminu Waziri Tambuwal. Shi ba ɗan majalisa kawai ba ne, kakakin Majalisar Wakilai ne, mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa, lokacin da ya ci zaɓen gwamnan Sakkwato ranar 11 ga Afrilun 2015. Ya ci gaba da riƙe guduma a Abuja alhali a Sakkwato ana shirin miƙa masa mulki, sai kwanaki kaɗan kafin 29 ga Mayu ya bar wa mataimakinsa Emeka Ihedioha ragamar zaman, ya ƙarasa ’yan kwanakin da suka rage wa majalisar. Dalilin wannan ragowar kwanaki shi ne agogon majalisa daban yake da na fadar gwamnati. Sashe na 64 ya ce wa'adin majalisa shekara huɗu ne daga ranar zamanta na farko, wanda yakan faɗo a watan Yuni. Ke nan ko mutum ya riƙe kujerarsa har daren rantsuwa, sai mazaɓarsa ta yi kwanaki babu wakili. Kada ka raina kwanakin: a farkon Yunin 2015 ne Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudirori 46 cikin kusan minti goma.

Kano ma tana da nata tarihin, dattawanmu sun fi mu saninsa. Alhaji Sabo Bakin Zuwo sanata ne na PRP tun 1979, yana kan kujerar ya ci zaɓen gwamna ranar 13 ga Agustan 1983, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Abin sha'awa, abokin karawarsa Abubakar Rimi sauka ya yi daga kujerar gwamna a watan Mayu don ya tsaya a NPP, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ɗaya ya saki ya rasa, ɗaya ya riƙe ya samu, sai dai mulkin nasa wata uku ya yi sojoji suka zo ranar 31 ga Disamba. In ka bi jerin gwamnonin Arewa za ka ga hanyar nan ta zama titi: Ali Modu Sheriff a Borno a 2003, Mamman Ali a Yobe a 2007, Abdul'aziz Yari a Zamfara a 2011, Atiku Bagudu a Kebbi a 2015, duk daga majalisa suka wuce gidan gwamnati ba tare da sun huta a tsakani ba.

Da na kai wa wata ’yar ajinmu wannan magana, sai ta ba ni labarin da ya fi duk sassan doka shiga raina. Ita daga wata jiha take, ɗan majalisarsu ya taɓa cin babbar kujera. Yayanta yana cikin waɗanda aka rubuta sunansu a wani shirin koyar da sana'a na mazaɓa, an ce bayan zaɓe za a raba kayan aiki. Bayan zaɓe ya je ofishin mazaɓa sau uku, kwaɗo ne a ƙofa. Mai gadi ya ce masa yaran oga duk sun koma babban birnin jiha, ana rabon muƙamai. Wanda zai gaji kujerar kuma ya ce shi bai shiga ofis ba, bai san zancen ba. Haka maganar ta bi ruwa. Ba wanda ya karya doka a wannan labari, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisa na iya rasa kujerarsa in ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama a shekara ba tare da dalili ba, amma wa zai tayar da wannan magana a kan mutumin da gobe zai zama gwamna ko mataimakin shugaban ƙasa? Kuɗin kuwa ba ƙanana ba ne. Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya faɗa wa BBC Hausa a 2024 cewa kuɗin gudanar da ofis da yake karɓa a wata ya kai naira miliyan 21.

To ai sai ya sauka tun da wuri, ko? Haka Barack Obama ya yi a Amurka. Ya ci zaɓe ranar 4 ga Nuwamban 2008, ya ajiye kujerar sanatan Ilinoyis ranar 16 ga watan, alhali rantsuwa sai 20 ga Janairu. Ya kauce wa zaman ƙarshe na majalisar, yana nanata cewa ƙasa ba ta da shugaba biyu a lokaci guda. Mataimakinsa Joe Biden kuwa ya riƙe tasa har 15 ga Janairu, Kamala Harris ma a 2021 sai saura kwana biyu ta sauka. Ka ga ko a can babu tsayayyiyar al'ada. Kuma saukar Obama ta haifar da tata fitinar: a jiharsa gwamna ne ke naɗa wanda zai cike gurbi, sai ga shi an kama gwamnan, Rod Blagojevich, a watan Disamba bisa zargin neman sayar da kujerar, aka tsige shi, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 14. Ka yi tunanin a ba gwamnonin Najeriya irin wannan dama.

A wurinmu sauka da wuri ba ta maganin komai. Sashe na 76 ya ce a yi zaɓen cike gurbi cikin kwana 30, amma sai in gurbin ya samu fiye da kwana 90 kafin wa'adin majalisa ya ƙare. In mutum ya sauka a farkon Maris, a takarda sai a kashe kuɗi a yi zaɓe don kujerar da ba za ta wuce wata biyu ba. In ya sauka bayan tsakiyar Maris, kujerar haka za ta zauna babu kowa. Ko inda doka ta wajabta zaɓen ma ba a cika kiyaye kwana 30 ɗin ba. Monday Okpebholo yana sanatan Edo ta Tsakiya aka rantsar da shi gwamna ranar 12 ga Nuwamban 2024, amma sai 16 ga Agustan 2025 aka yi zaɓen cike gurbinsa. Wata tara mazaɓa guda ba ta da murya a Majalisar Dattawa, an yi kasafin kuɗi, an yi dokokin haraji, duk a bayan idonsu.

Maƙwabtanmu fa? A Laberiya George Weah yana sanatan Montserrado ya ci zagaye na biyu ranar 26 ga Disamban 2017, aka rantsar da shi 22 ga Janairun 2018. Ko wata guda bai cika ba. Gana ce ta fi burge ni: ana zaɓe ranar 7 ga Disamba, wa'adin tsohuwar majalisa ya ƙare daren 6 ga Janairu, sabuwa ta kama, a rantsar da shugaban ƙasa ranar 7 ga Janairu. John Mahama yana ɗan majalisa mai wakiltar Bole-Bamboi ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2009, kuma saboda agogon biyu tare suke bugawa, bai bar gurbi ba. Suna kuma da dokar miƙa mulki tun 2012. Mu a 2023 da umarnin shugaban ƙasa aka kafa kwamitin miƙa mulki ƙarƙashin Boss Mustapha, umarnin da wani shugaban zai iya sokewa gobe da alƙalami ɗaya.

Na san dalilin da ake bayarwa na tsawaita jiran a Najeriya: a ba kotu lokaci. Amma ko da kwana 93 ɗin shari'a ba ta ƙarewa. Ƙarar da PDP ta kai kan cewa an tsayar da Shettima takara biyu, ta sanata da ta mataimaki, sai ranar 26 ga Mayu Kotun Ƙoli ta kore ta, saura kwana uku rantsuwa, babbar shari'ar zaɓen kuma sai watan Oktoba aka gama. Ke nan mun yi dogon jira, ba mu kuma samu abin da aka ce jiran zai ba mu ba.

Ni ra'ayina, kuma na ɗalibi ne, kada a tilasta wa kowa sauka. Wanda ya karɓi amanar shekara huɗu ya ƙarasa ta, in dai yana cin albashinta. Ofishin mazaɓa ya zauna a buɗe, a miƙa wa magajinsa jerin ayyukan da ba a gama ba a rubuce, yadda ake yi wa gwamna mai shigowa. Amma duk ƙudirin da ya shafi bashi ko kasafin da gwamnatinsa za ta kashe, ya tashi a zauren ya bayyana cewa yana da ruwa a ciki, a rubuta, sannan irin wannan ƙuri'a a yi ta da suna ba da murya ba. Wannan ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, majalisa na iya sa shi cikin ƙa'idojin zamanta. Daidaita ranar ƙarewar majalisa da ranar rantsuwa kuwa shi ne babban aiki, sai an taɓa kundin, sai kuma kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 daga 36, sun amince.

Da na koma gida ƙarshen mako na kai wa kawu amsarsa a teburin mai shayi: sanata ne har ranar rantsuwa, albashin sanata yake ci. Ya gyaɗa kai ya ce ya ji ta farko. Sai ya ce, "Ta biyun fa? Wa ke yi mana magana?" Na ce masa a takarda shi ɗin ne dai. Ya ce to in lokacin ya zagayo in je ofishin mazaɓa da kyamarata in ɗauko masa hoton ƙofar, ya ga ko a buɗe take.